Haƙƙinka Da Haƙƙin Maƙwabcinka

Yau za mu yi magana a kan wata hukuma wadda da yawa cikinmu sun ji sunanta a rediyo, amma ba su san aikinta ba. Ita ce Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Ƙasa. Babban ofishinta yana Abuja, tana kuwa da ofisoshi a jihohi. Ofishin jiha shi ne ya fi shafarmu, domin ma'aikatansa su ne su kan fito su shiga makarantu da unguwanni, suna yi wa mutane bayani.

Da fari, mene ne haƙƙi? Haƙƙi shi ne abin da ya ke naka don an haife ka mutum. Ba mai mulki ya ba ka ba, ba mai dukiya ya ba ka ba. Saboda haka ba wanda zai taɓa maka shi sai da dalili na shari'a. Ranka haƙƙinka ne. Mutuncinka haƙƙinka ne. Addininka da bakinka da guminka, duk haka.

Ranar 10 ga watan Disamba, 1948, Majalisar Ɗinkin Duniya ta taru a birnin Paris na ƙasar Faransa, ta fitar da takardar haƙƙin 'yan Adam duka. Shi ya sa kowace shekara a ke tunawa da wannan rana. To, amma yaya aka yi maganar ta shigo dokar ƙasarmu? Ku saurara da kyau, domin nan ne gindin zancen.

Sa'ad da Nijeriya ta kusa samun mulkin kai, ƙananan ƙabilu suka ji tsoro. Suka ce in Turawa sun tafi, manyan ƙabilu za su danne su. A Arewa an ji wannan kuka, a Gabas an ji, a Yamma ma an ji. Sai a shekarar 1957 aka naɗa wani kwamiti, da wani Bature mai suna Henry Willink a kansa. Suka zaga ƙasa suna jin bakin mutane. A 1958 suka ba da rahoto. Cikin shawarwarinsu har da cewa a rubuta haƙƙin kowane mutum cikin tsarin mulki. Aka kuwa rubuta shi cikin tsarin mulki na 1960. Watau ke nan, tun asali an kawo dokar nan ne domin mutane iri iri su zauna wuri guda, ba mai tsoron wani.

Yau maganar tana cikin Babi na 4 na tsarin mulki na 1999. Bari mu faɗa muku kaɗan daga ciki.

Sashe na 35 ya ce wanda aka kama, tilas a gaya masa dalili a rubuce cikin awa 24, da harshen da ya ke ji. In akwai kotu cikin nisan kilomita 40, a kai shi gabanta cikin kwana ɗaya. In babu, kwana biyu, ko abin da kotu ta ga ya dace. Laifin da hukuncinsa kisa ne, wannan dokarsa dabam ce. Sashe na 38 ya ce kowa ya yi addininsa. Sashe na 41 ya ce ɗan ƙasa ya zauna inda ya ke so cikin Nijeriya. Sashe na 43 ya ce yana iya mallakar gida ko fili a ko'ina cikinta. Sashe na 42 kuwa ya hana hukuma ta bambanta ɗan ƙasa saboda ƙabilarsa, ko garinsu, ko addininsa, ko don namiji ne ko mace, ko saboda yadda aka haife shi.

Doka a takarda ba ta da ƙafa. Sai an sami masu kai ta wurin mutane. Don haka aka kafa hukumar nan a shekarar 1995, zamanin mulkin soja. Da farko ƙarfinta kaɗan ne. Daga baya aka gyara dokarta a 2010, aka sa hannu a 2011. Yanzu tana da ikon kiran mutum ya zo ya yi bayani. Tana da ikon shiga gidajen yari da wuraren da 'yan sanda su ke tsare mutane, ta duba halin da su ke ciki. Tana iya cewa a biya wanda aka zalunta diyya.

Wani zai ce, to, me ya sa ba su zauna a ofis su jira masu ƙara ba? Me ya kawo su makarantu da tarurruka? Dalili biyu ne.

Na fari, rashin sani ya fi dare duhu. Wanda bai san haƙƙinsa ba, ko an ƙwace ba zai yi magana ba. Ga misali. Saurayi ya yi laifi ya gudu, aka zo aka kama tsohonsa, aka ce sai ɗan ya fito. Da yawa cikinmu muna tsammani haka doka ta ce. A'a. Dokar shari'ar masu laifi ta Tarayya ta 2015 ta hana kama wani a madadin wani, dokar 'yan sanda ta 2020 ma ta hana. Beli a ofishin 'yan sanda kuwa kyauta ne. Dukan wanda aka kama don ya amsa laifi, dokar hana azabtarwa ta 2017 ta mai da shi babban laifi. Wanda ya san wannan, ba kamar wanda bai sani ba ne.

Na biyu, shi ne ya fi nauyi. Ba kullum mai kaki ne ya ke taka haƙƙin mutane ba. Sau da yawa mu ne da kanmu. Mu kan hana baƙo rumfa a kasuwa don ba yarenmu ɗaya ba. Mu kan ce kada 'ya'yanmu su yi wasa da 'ya'yan wane, don addininsu dabam. Mu kan yi wa zabiya dariya. Mu kan bar yaro gurgu a gida, 'yan'uwansa su tafi makaranta. Irin wannan ba a kan kai shi kotu ba, amma shi ne ya ke taruwa a zuciya har ya zama gaba. Gaba kuwa ita ta kan zama wuta ran da ba a zata ba. Rigakafi ya fi magani.

Ku duba wannan. Ƙasarmu tana da harsuna sama da 500. Muna da 'yan'uwa a Sabo ta Ibadan, muna da su a Agege ta Ikko, suna fataucin goro da shanu tun kaka da kakanni. Can su ne baƙi. Dokar da ta ba su ikon zama can, ita ce ta ba Bayarabe da Ibo ikon zama a Sabon Garin Kano. Ba doka biyu ba ce, guda ce. In muka karya ta a nan, mun karya ta a kan 'yan'uwanmu na can. In ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Haka kuma zancen makafi da kurame da guragu. A watan Janairu, 2019, aka sa hannu a kan dokar Tarayya wadda ta hana wulakanta su. Mutumin da ya karya ta, tararsa naira 100,000, ko ɗaurin wata shida, ko duka biyu. Kamfani kuwa naira miliyan ɗaya. Kowa ya tuna, mai ido yau bai san gobe ba.

Yanzu, in an taka haƙƙinka, yaya za ka yi? Ka tafi ofishin hukumar na jiharku. Ba a biyan ko kwabo, ba kuma sai da lauya ba. Ka faɗi abin da ya faru, da ranar, da wurin, da wanda ya yi, da waɗanda suka gani. In akwai takardar asibiti, ka riƙe ta. Wanda ya iya rubutu ya rubuta tun bai manta ba, ya kuma taimaki wanda bai iya ba. Mace tana iya kai kukanta da kanta. Wanda ya ke tsare, wani yana iya kai kuka a madadinsa. Sau da yawa su kan kira ɓangare biyu su sasanta. In abin ya fi ƙarfin sulhu, su bincika.

Amma a yi hattara. Wurin nan ba na ƙarya ba ne, ba kuwa na ramuwar gayya ba. Wanda aka kai ƙara, shi ma sai an ji bakinsa, domin shi ma yana da haƙƙi. Aikin kuma ya kan ɗauki lokaci, sai da haƙuri da bin sawu.

Jama'a, ga roƙonmu. Ran da ma'aikatan nan suka zo garinmu, mu fito, maza da mata, mu yi tambaya. Kada mu bar maƙwabcinmu baƙo a gida, mu kira shi mu zauna tabarma ɗaya. Kafin su zo kuwa, kowa ya duba unguwarsu, ya ga wane ne muka ware, ya fara gaishe shi gobe da safe. Zama lafiya ya fi zama ɗan sarki.

Allah ya ba mu zama lafiya. Mu kwana nan.