Satifiket Ba Ya Kwance Inji



A Nuwamban 2015, nan Birnin Kebbi aka ƙaddamar da shirin bashin manoma na Anchor Borrowers. A 2017 WACOT ta buɗe kamfanin shinkafa a Argungu. Shinkafa ta samu, alhamdu lillahi. To in tambaye ku: in injin ban-ruwa ya tsaya a fadama tsakiyar rani, wa ke gyara shi? Sai manomi ya ɗaure shi bisa babur ya shigo gari, yana jiran bakanike, shuka tana ƙonewa.

Ni difloma gare ni, amma wallahi ranar da aka miƙo mini sifana rasa ta inda zan fara na yi. A allo muka ga inji.

Don haka muna kira ga gwamnati: kuɗin koyon sana'a su tafi ga kayan aiki. A zuba injin walda da kayan sola a makarantun fasaha. A biya ogan garejin da ke koyar da yara. Wanda ya gama a ba shi akwatin kayan aiki.

Mu kuma, kowace mazaɓa ta rubuta sunayen masu son koyo, mu kai wa ɗan majalisarmu hannu da hannu.

Allah Ya dafa mana.