Inabin Kwarin Mosel

Sharhin yau ya leƙa kwarin kogin Mosel da ke yammacin Jamus, inda sanyi ke juya akalar noman inabi.

Sanyi ne ya zaɓi wurin shuka. Da yake rana ba ta da ƙarfi a can, manoma kan dasa inabinsu a gangaren tsaunukan da ke fuskantar kudu, a kan wani dutse mai ɓarewa falle-falle, wanda ke shan zafin rana da yini ya sake shi da dare. Gangaren kan miƙe tsaye har tarakta ba ta iya hawa, sai dai a tsinki 'ya'yan da hannu.

Sanyi ne kuma ya zaɓi iri. Riesling, wani farin inabi mai jure hunturu, shi ya mamaye fiye da rabin gonakin, kuma saboda yana nuna a hankali har cikin watan Oktoba, yakan tara zaƙi ba tare da tsaminsa ya gushe ba. Akwai Elbling, tsohon iri, sai dai bai kai shi daraja ba.

Daga nan salon giyar inabin ya samo asali. Wadda ake kira Kabinett ba ta da nauyi, sinadarin mayenta kaɗan ne. Spätlese kuwa daga inabin da aka jinkirta tsinkarsa ake yin ta. Mafi wuyar samu a cikinsu ita ce Eiswein, wadda ake matsewa daga inabin da ya daskare a jikin kurangarsa, galibi kafin gari ya waye.