Daga garejin unguwa zuwa CFM: yadda tsarin koyon sana'a yake a Magarya da Dungas

 

An ce in yi bayani a kan yadda aka tsara koyar da sana'o'i a Nijar, da yadda tsarin yake idan ya sauko gundumomin Magarya da Dungas. Bari mu fara da yawanmu. A ƙidayar 2012, gundumar Magarya tana da mutum sama da dubu 570. Dungas, wadda aka cire daga Magarya a 2011, tana da sama da dubu 350. Kun ga fiye da dubu 900 ke nan tun wancan lokaci, kuma kusan rabin ƴan Nijar ba su kai shekara 15 ba. Gonar da kaka ya noma shi kaɗai yau jikoki goma ke jiran rabonta. Shi ya sa da an gama girbi tashoshi ke cika da masu tafiya cirani Kano, Legas, Agadas, har Aljeriya da Libiya. Tambayar ita ce: da wace sana'a suke tafiya, kuma da wace suke dawowa?

To, a takarda tsarin gwamnati kamar tsani ne, kuma dokar 2015 ta koyar da sana'o'i da fasaha ita ce ginshiƙinsa. Matakin ƙasa shi ne CFM, cibiyar koyon sana'a ta komin, wadda da ake kira CFDC. An yi ta ne domin yaron da ya bar lakwal da wanda bai taɓa shiga ba. Galibi shekara biyu ake yi, ana koyon ɗinki, walda, kafinta, gini, haɗa wayar kuran, gyaran moto da injin ban-ruwa, ko noma da kiwo. Sama da ita akwai CET, kwalejin fasaha, inda yaro ke shiga bayan CM2 ya yi shekara huɗu ya fito da CAP. Wanda ya ci BEPC yana iya tafiya CFPT ya yi shekara biyu ya sami BEP, ko ya shiga lisen fasaha, irin Ɗan Kasawa ta Maraɗi, ya yi shekara uku ya nemi bak. Daga nan sai IUT, kamar wadda ke jami'ar André Salifou a Damagaram.

Manufar da gwamnati ta sa gaba ita ce kowace komin ta sami CFM, kowace gunduma ta sami CET. Magarya tana da komin bakwai, cikinsu har da Bande, Waca, Kwaya, Yekuwa da Sasumburum. Dungas tana da huɗu: Dungas, Dogo-Dogo, Guci da Malawa. A bisa wannan lissafi, haƙƙinmu CFM goma sha ɗaya ne da CET biyu. Ina so kowa a nan ya tambayi kansa: ka san inda ta komin ɗinku take? Ka san sana'o'in da ake koyarwa a ciki?

Sai maganar kuɗi, don ita ce ke juya kome. Akwai asusun da ake kira FAFPA, wanda aka kafa domin tallafa wa koyon sana'a da ƙarin horo ga masu aiki, kuma yana da reshe a Damagaram. Tushen kuɗinsa harajin koyon sana'a ne, wanda kamfanoni ke biya gwargwadon albashin ma'aikatansu. Harajin yana fara shiga baitulmali, daga nan a tura wa asusun rabonsa. Bayan wannan akwai kuɗin abokan hulɗa na waje: Bankin Duniya ya zuba kuɗi ta shirin PRODEC tun 2013, Luksambur ta daɗe tana tallafa wa wannan fanni a jahar Damagaram, Suwizalan kuma ta yi aiki sosai a Maraɗi da Doso. Bayan 26 ga Yuli 2023 ƙasashen Turai da dama sun dakatar da tallafinsu, sai kowa ya ga yadda horon da ya dogara da poroje yake tsayawa ranar da poroje ya tsaya.

Wannan shi ne tsarin hukuma. Amma mu faɗa wa juna gaskiya, makarantar da ta fi kowace yaye masu sana'a a Magarya da Dungas ita ce garejin bakin hanya, da shagon tela, da rumfar mai walda, da maƙera. Uba ya kama hannun ɗansa ya kai shi wurin maigida, a ba da goro, a yi addu'a, shi ke nan an ɗauki yaro. Babu takardar yarjejeniya, babu ranar gamawa. Yaro zai yi shekara ɗaya yana ɗebo ruwa da miƙa sifana, a hankali ya fara kwance inji. Wannan hanya tana da alherinta: aikin gaske ake yi, da kwastoma na gaske, kuma yaro yana koyon ciniki da haƙuri da mutane. Tana da cutarwarta kuma. Wani maigidan yakan riƙe yaro shekara bakwai don yana samun hannu kyauta. Yaron da ya ƙware ya fita ba shi da wata takarda da za ta shaide shi in ya je neman aiki a kamfani ko kwangilar komin. Kuma abin da maigida bai sani ba, yaronsa ba zai sani ba.

A nan matsalarmu take. Cibiya tana da takardar shaida, amma a wurare da yawa tana fama da ƙarancin kayan koyon aiki. Aji na walda da ba ƙarfe, ba sandar walda, ba kuran, alli da allo ne kawai ya rage masa. Gareji kuma yana da aiki da kaya, ba shi da takarda, ba shi da hanyar sabunta ilimi. Gida biyu ne a gari ɗaya, kowanne yana da abin da ɗayan ya rasa, amma ba a buɗe ƙofa tsakaninsu yadda ya kamata ba.

Ku dubi fadamar Korama, wajen Bande da Waca da Guci, inda ake noman rake da rogo da kayan lambu. Masu lambu suna komawa famfon sola saboda tsadar mai. In famfo ya tsaya a tsakiyar rani, kwana kaɗan ya isa shuka ta ƙone. Makanikin da ya koyi aiki shekara ashirin da suka wuce ya san injin fetur ciki da waje, amma faifan sola da akwatin da ke sarrafa wutarsa wani karatu ne dabam. Ba ya buƙatar komawa aji shekara biyu. Sati biyu ko uku na horo mai kyau ya ishe shi, kuma duk yaran da ke ƙarƙashinsa za su amfana. Wannan shi ake nufi da ci gaba da horo, kuma yana cikin aikin da aka kafa FAFPA dominsa. Sai dai asusu irin wannan ba ya bin mutum ɗaya-ɗaya har rumfarsa. Ƙungiyar masu sana'a mai rajista, wadda ta rubuta buƙatarta, ita ake saurara. Shi ya sa shiga ƙungiya da yin rajista a majalisar masu sana'ar hannu, CMANI, yake da amfani ko ga wanda ke ganin ɓata lokaci ne.

Haka riɗi da gyaɗa. Muna noma su, a loda buhuna zuwa Maigatari ko Babura, wasu su tace, su matse mai, su ci ribar. Ƴan matanmu kuma kusan duk ɗinki ake tura su, har a unguwa ɗaya ka tarar da tela biyar suna jiran ɗinkin Salla. Da an buɗe musu sarrafa amfanin gona, da gyaran salula, da haɗa sola, da kasuwar ta fi faɗi. Kuma yarinyar da ke da sana'a a hannu, ko an yi mata aure, ba ta rasa abin kanta.

Haɗa cibiya da gareji ba sabon abu ba ne a duniya. Jamus ta gina tsarinta a kansa: matashi yana aiki a kamfani, yana zuwa makaranta kwana ɗaya ko biyu a mako, da yarjejeniya a rubuce. Kusa da mu, Benin ta ɗauki wannan hanya tun 2005: yaro yana nan wurin maigidansa, yana zuwa cibiya lokaci-lokaci, a ƙarshe ya yi jarrabawa ya sami takardar da hukuma ta amince da ita. A Najeriya ma makanikin da bai shiga aji ba yana iya zuwa gwajin sana'a na ma'aikatar ƙwadago, a gwada hannunsa, a ba shi shaida mai daraja uku. Mu ma FAFPA tana tallafa wa irin wannan koyo na rabi a shago rabi a cibiya, amma waɗanda yake kaiwa gare su kaɗan ne in aka kwatanta da yaran da ke cike da garejojinmu.

To mu me za mu yi? Zuwa da kai ya fi aike. Tun 2016 aka miƙa wa komin-komin wani ɓangare na kula da ilimi, kuma ko da aka rusa majalisunsu a watan Afrilu 2024 aka naɗa kantomomi, kasafin kuɗin komin yana nan. Ina ba da shawara kowane reshe namu ya kai ziyara CFM ɗin yankinsa cikin wannan wata, cikin ladabi, ya zauna da darakta. A tambayi yawan ɗalibai maza da mata, da yawan malamai, da ranar da kayan koyon aiki suka zo na ƙarshe, da inda waɗanda aka yaye bara suke yanzu. A rubuta amsar, a kai wa kantoma, a tambaye shi nawa aka ware wa cibiyar a kasafin bana. Mu kuma mu buga abin da muka samo a wannan shafi, komin bayan komin, wanda ya yi ƙoƙari a yaba masa.

Abu na biyu, mu zauna da iyayen gidan sana'a. Su ne malamanmu na asali, kuma ba a gyara wannan tsari a bayan idonsu. Mu taimaka musu su rubuta buƙatar horo zuwa reshen FAFPA, tunda da yawa cikinmu sun iya Faransanci da kwamfuta. Mu roƙe su su yarda da ƴar takarda tsakaninsu da iyayen yaro, mai faɗin shekarun koyo da ranar yaye.

Na ƙarshe ya shafe mu ne kai tsaye, mu ƴan birni masu riƙe da waya. Har yanzu in yaro ya shiga CET sai a ce ai ya kasa ne. Mu daina wannan magana a gidajenmu. Mai difloma nawa ne ke zaune a fada yana shan shayi yana jiran kiran gwamnati, alhali sa'ansa mai haɗa sola ba ya samun hutun Juma'a saboda yawan aiki? In kana da ƙane ko ƙanwa da ke gama CM2 ko ya bar lakwal, ka zauna da shi ka nuna masa wannan tsani tun daga CFM har IUT, ya zaɓa da saninsa.

 Wanda ke da tambaya, ko yake da labarin cibiyar garinsu, fili nasa ne. Allah ya sa albarka a hannuwanmu. Wassalamu alaikum.