Ɗanyar Madara: Daga Hantsar Saniya Zuwa Bakin Yaro

Jama'a masu sauraro, ga shirinmu na faɗakarwa a kan lafiyar iyali. Ina miƙa gaisuwa ta musamman ga mutanen Orozo da na sauran garuruwan da ke jere a bakin hanyar nan da ta taso daga Nyanya, ta ratsa Karu da Jikwoyi da Kurudu, ta bi ta Orozo har ta dangana da Karshi, sa'an nan ga ardo-ardo da makiyayan da ke rugagen bayan duwatsu, waɗanda na san da yawansu a daidai wannan lokaci suna bin garke da rediyo rataye a kafaɗa. Batunmu na yau shi ne ɗanyar madara, tun daga sa'ar da aka tatso ta har zuwa sa'ar da aka dama fura da ita.

Babu mai musun falalar madara, domin an ambace ta cikin Suratun Nahli a jerin ni'imomin Ubangiji, kuma likitocin zamani sun yi ittifaƙi da magabata a kan cewa da wuya a sami wani abinci guda da ya tara abin gina jiki da ƙarfafa ƙashi kamar yadda ta tara. To, amma wannan cikar tata ita ce kuma tushen hatsarinta, saboda abin da yake ciyar da ɗan Adam shi ne yake ciyar da wasu ƙananan halittu da ido ba ya gani sai da madubin ƙara girman abu, waɗanda muke kira ƙwayoyin cuta. Madara takan fito daga hantsa da ɗumin jikin saniya, wajen digiri 38 a ma'aunin zafi, wanda shi ne ɗumin da ƙwayoyin nan suka fi so, har ma waɗansunsu, idan hali ya yi musu daidai, kowace ɗaya takan rabu gida biyu cikin minti 20 kacal. Ku yi lissafin da kanku: ƙwaya guda da ta faɗa ƙwarya, in ta samu sa'a 7 tana ninkawa haka ba tare da wani abu ya tare ta ba, ta haura miliyan 2. Allah cikin hikimarsa ya sanya wa sabuwar madara wata 'yar kariya da ke danne su na misalin sa'a 2 ko 3, amma wadda aka tatsa da hantsi a bayan Karshi, aka ɗauko ta a ka ko a bayan babur cikin zafin watan Maris, aka zauna da ita a bakin titi har la'asar, ta daɗe da wuce wannan wa'adi, alhali kuwa tana nan fara sol, ba ta sauya kama ba.

A nan akwai wata shubuha da ya wajaba mu warware, domin na sha jin ta daga bakin mutanen kirki masu kiyaye addininsu. Sukan ce ai kashin shanu ba najasa ba ne. Gaskiya ne, a mazhabarmu ta Malikiyya kashi da bawalin dabbar da ya halatta a ci namanta masu tsarki ne, muddin dabbar ba ta cin ƙazanta, kuma wanda kashin shanu ya taɓa masa riga sallarsa ta inganta. Sai dai fuƙaha'u da suka yanke wannan hukunci suna magana ne a babin ɗahara, a kan abin da ke ɓata ibada da wanda ba ya ɓata ta, ba su taɓa cewa abin da yake mai tsarki a shari'a ba ya iya ɗauke da cuta ba. Wannan kuwa mas'ala ce ta ilmin ɗibbu, kuma ma'abota ɗibbu sun tabbatar cewa a cikin kashin saniya mai ƙoshin lafiya, wadda ba ta nuna alamar komai, akan sami ƙwayoyin ikolai da salmonela, masu jawo gudawa da amai da zazzaɓi, har akwai wani jinsin ikolai da kan lalata ƙodar ƙaramin yaro. Saboda haka ɗan ɓurɓushin da ya faɗo daga cinyar saniya ko daga jelarta cikin ƙwarya, aka sa yatsa aka tsame shi aka ci gaba da tatsa, an tsame abin da ido ya gani ne kawai.

Waɗannan su ne masu shigowa daga waje. Akwai kuma waɗanda suke fitowa tare da madarar daga cikin jikin saniyar, waɗanda wanke hannu da wanke ƙwarya ba su isa su kawar da su ba, kuma su ne suka fi cancantar mu tsaya a kansu.

Na farko shi ne ciwon da makiyaya suke kira bakkale, wanda ke sa saniya ɓari, ya kumbura mata gwiwa, ya hana ta ɗaukar ciki. Tarihin gano shi abin lura ne. A tsibirin Malta da ke cikin Bahar Rum, sojojin Ingila sun daɗe suna fama da wani zazzaɓi mai tafiya yana dawowa, har wani likitan soja mai suna David Bruce ya gano ƙwayar da ke haddasa shi a shekarar 1887, amma aka rasa ta inda take shiga jikin mutum, sai a 1905 da wani likita ɗan tsibirin, Themistocles Zammit, ya same ta a jikin awakin da ake kewaya gari da su ana tatsa wa mutane a ƙofar gida, awakin da kowa yake gani lafiyayyu. Da aka hana sojoji shan wannan madara a 1906, sai zazzaɓin ya kusan ɓacewa daga barikinsu. Ku lura, jama'a, madarar nan ba ta kwana ba, ba a yi mata algus ba, a gaban idon mai saye aka tatse ta. 'Yar'uwar wannan ƙwaya ce take sa shanunmu ɓari, kuma idan ta shiga mutum takan zo da zazzaɓi mai hawa da sauka, da gumin dare, da ciwon gaɓoɓi da na baya, da kasala, ta yadda majiyyaci zai yi ta shan maganin zazzaɓin cizon sauro da na taifot wata da watanni ba sauƙi, har a koma zargin sammu, alhali maganinta yana asibiti, sai dai yana bukatar a jure shansa har mako 6.

Na biyu shi ne tarin fuka na shanu. Saniya mai ramewa tana tari a hankali tana iya zubo ƙwayarsa cikin madara, kuma a jikin wanda ya sha, musamman yaro, sau da yawa ba a huhu yake fara bayyana ba, sai a ga kaluluwar wuya ta kumbura ta ƙi sacewa, ko ciki ya riƙa ciwo yaro yana ƙanjamewa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2016 mutum 147,000 ne suka kamu da tarin fuka irin na dabbobi a faɗin duniya, 12,500 kuma suka rasu, kuma nahiyarmu ta Afirka ce ta fi ɗaukar kaso mai yawa. Likitocin dabbobi da ke duba nama a mayanka irin ta Karu sukan gane shi a huhun saniya bayan an yanka, to amma kafin ranar yankan, shekara nawa aka yi ana shan nononta?

Wani zai ce ai mu ba ɗanya muke sha ba, sai ta kwana ta yi tsami. Lalle tsami yana da amfani, yakan karya ƙarfin ƙwayoyi da yawa, kuma hikima ce ta kakanninmu da ba su da firji. Amma ƙwayar tarin fuka da ta bakkale sukan yi kwanaki da rai a cikin nono mai tsami, haka ma wancan mugun jinsin ikolai yana jure shi. Abin da yake kashe su duka shi ne wuta. Masanin nan na Faransa, Louis Pasteur, shi ya nuna tun wajen 1864 cewa matsakaicin zafi yana halaka ƙwayoyin da ke ɓata abin sha, kuma a kan wannan asasi ne kamfanonin madara suke ɗumama ta zuwa digiri 63 na tsawon minti 30, ko digiri 72 na daƙiƙa 15. Birnin Shikago na Amurka ya mayar da hakan doka tun 1908. Mu da ba mu da ma'auni a madafa, ƙa'idarmu mai sauƙi ce: a ɗora madara a wuta ana juyawa har ta tafasa ta taso, a sauke, a rufe, a tsoma gindin tukunyar cikin ruwan sanyi don ta huce da wuri, in ta koma ɗumi-ɗumi a zuba mata ɗan ragowar kindirmon jiya mai kyau, a bar ta ta kama. Iyayenmu mata da yawa a ruga da ma haka suke yin kindirmo, kuma ina ganin nasu ya fi kauri ya fi daɗewa bai lalace ba. Abin da muke roƙo shi ne wannan al'ada ta game har da madarar da za a kaɗa a cire man shanu a sayar da nononta, da kuma wadda ake miƙa wa baƙo ko yaro da ɗuminta a bakin turke, wadda ita ce aka fi ɗauka a kan karamci.

Amma kada tafasawa ta zama hujjar sakaci wajen tatsa, domin akwai abu biyu da wuta ba ta gyarawa. Na farko, saniya mai ciwon hantsa, wadda nononta ya kumbura ya yi zafi, madararta tana fita da gudaji ko jini, takan ɗauki wata ƙwaya wadda, idan madarar ta jima cikin zafi, take zuba wani dafi da ko an tafasa yana nan. Saboda haka mai tatsa ya wanke hannu da sabulu, ya daina jiƙa yatsunsa da kumfar madara, bayan ɗan maraƙi ya tsotsa an janye shi a wanke kan nonon da ruwa mai kyau a tsane da tsumma mai tsabta, a tatse zubin farko a wani baƙin kwano dabam a duba, saniyar da ake shakka a kanta kuma a bar ta sai ƙarshe, kada a gauraya nata da na sauran. Abu na biyu shi ne allura. Saniyar da aka yi wa allurar kashe ƙwayoyin cuta, irin wadda makiyaya suke saye a kasuwa su yi da kansu, maganin yana fita cikin madararta har kwanaki, adadinsu kuwa a rubuce yake a jikin kwalba, kuma mai shan irin wannan madara yana koya wa cututtukan jikinsa jure magani ne bai sani ba. Matan ruga sun san alamarsa, domin irin wannan madara ba ta yarda ta kama ta zama kindirmo.

Game da mazubi kuwa, ra'ayina shi ne ƙwaryar da aka wanke da ruwan zafi aka kife ta a rana ta fi bokitin fenti da jarkar mai da suka cika hanyarmu a yau, musamman jarka mai ƙaramin baki wadda hannu ba ya shiga cikinta, maiƙo ya kwanta a kusurwoyinta shekara da shekaru. Wanda ya sami iko ya sayi mazubin ƙarfe mai faɗin baki da murfi.

Sai batun ƙarin ruwa. Haramcin algus a ciniki sananne ne ga duk wanda ya karanta Risala, kuma kowa ya ji labarin yarinyar nan ta Madina da ta ƙi bin umurnin mahaifiyarta na zuba wa madara ruwa a zamanin Sayyidina Umar, har ya aurar da ita ga ɗansa Asim, daga tsatsonta aka sami Umar ɗan Abdul'aziz. Abin da zan ƙara shi ne, a zamaninmu laifin ya ninka, domin ruwan rafi ko na kududdufi da aka sirka nono da shi, da ƙanƙarar da ba a san da wane ruwa aka yi ta ba, da ruwa guda da ake ɗauraye ludayi da kwano a cikinsa tun safe har yamma, duk suna mayar wa tafasasshiyar madara abin da wuta ta kore, har da taifot da kwalara.

Ban yarda a ɗora wa mai tallan nono laifin nan ita kaɗai ba. Saniyarmu bunaji a kiwon gargajiya ba ta cika ba da fiye da lita 1 zuwa 2 a yini ba, da rani ma ƙasa da haka, ga mai saye yana tayin wulaƙanci yana neman gyara, ga ruwan da za ta wanke ƙwaryar sai ta yi tafiya mai nisa kafin ta samo shi. A cikin gandayen kiwo 4 da aka keɓe a Babban Birnin Tarayya, wato Paikon Kore da Karshi da Kawu da Rubochi, na Paikon Kore da ke Gwagwalada ya sami cibiyar tara madara da sanyaya ta tare da haɗin gwiwar kamfanin Nestlé, amma tsakaninsa da Orozo sai an keta Abuja daga wannan gefe zuwa wancan. Tun da an kafa Ma'aikatar Bunƙasa Kiwo ta Tarayya a 2024, haƙƙi ne a kan hukuma ta wadata makiyayan wannan yanki da rijiyar burtsatse da na'urar sanyi mai aiki da hasken rana da likitan dabbobi mai zagayawa, kuma haƙƙi ne a kan shugabanninmu su nema da babbar murya.

Kafin wannan ya samu, iyayena mata, kada a bai wa mai juna biyu, ko yaro ƙarami, ko tsoho, ko majiyyaci madarar da ba ta ga wuta ba, jariri kuwa nonon uwa zalla ya ishe shi har wata 6. Mai saye ya tambaya ko an tafasa, in an ce an tafasa ya biya kuɗinta ba tare da ƙorafi ba, domin itace ma saye ake yi. 'Yan'uwana makiyaya, saniyar da ta yi ɓari kada a taɓa ɗan da mabiyiya da hannu tsirara, a binne su da zurfi, a nemi likitan dabbobi. Wanda kuma zazzaɓi ya ƙi sakinsa, ko tari ya wuce mako 2, ya tafi asibitin Karshi ko na Nyanya, ya faɗa wa likita da bakinsa cewa yana shan ɗanyar madara ko yana hulɗa da shanu. Maganin tarin fuka kyauta ne a asibitocin gwamnati.

A nan za mu dakata, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu. A huta lafiya.