Daga Abuja Zuwa Kano: Jirgi Ko Mota?

  

Maganar da aka ce mu yi yau ita ce ta tafiya gida idan an yi rasuwa. Mu da muke zaune a Wuse da Dei-Dei da Zuba, kasuwa ce ta kawo mu, amma iyayenmu suna can Kano. To, a gida ba a ajiye gawa. In an rasu da asuba, kafin azahar an kai mutum makwancinsa. Shi ya sa da an bugo waya, sai ka ji yaranmu suna cewa, "Alhaji, a nemi jirgi, ai awa ɗaya ce."

Gaskiya ne, tsakanin filin jirgin Nnamdi Azikiwe da na Malam Aminu Kano kimanin kilomita 360 ne ta sama, kuma jirgi ba ya cika awa ɗaya a sararin samaniya. Ta ƙasa kuwa, ta Kaduna da Zariya, tafiyar ta haura kilomita 400, awa biyar zuwa shida in hanya ta yi kyau. Amma mu 'yan kasuwa mun san ba a lissafin riba sai an cire kuɗin dako. Filin jirgin Abuja yana da nisan kilomita kusan 40 daga tsakiyar gari. Ka sa awa ɗaya ta zuwa can, ka sa wata awar ta layi da bincike, sannan tashi, sannan jiran kaya. Awa huɗu ke nan, in jirgin ya tashi a kan lokaci. In kuwa lokacin hunturu ne, hazo ya rufe Kano, sai a ce ku dakata, kuna zaune har la'asar. Wanda ya shiga motar farko a tashar Jabi tuni ya sauka a Unguwa Uku yana karɓar gaisuwa.

Ba muna kushe jirgi ba ne. Kowa ya san halin da hanyar Kaduna ta shiga da masu satar mutane. Jirgin ƙasan da aka buɗe a 2016 daga Idu zuwa Rigasa ya zama mafaka, shi ma aka kai masa hari a watan Maris na 2022, bai dawo aiki ba sai Disamba. Saboda haka tafiyar dare a mota, wallahi ba ma ba kowa shawararta, ko da uwa ce ta rasu, Allah Ya jiƙan iyayenmu.

Ga abin da muke roƙon ƙungiya. In labari ya zo da dare, a haƙura da samun jana'iza, a yi sammako a je ta'aziyya. Sallar gawa farilla ce da in wasu sun yi ta sauka a kan saura. In kuwa rashin lafiya ce ta yi tsanani, ana so a iske mutum da rai, nan ne kuɗin jirgi yake da amfani, domin tikitin ranar tafiya tsada gare shi, ƙaramin ɗan kasuwa ba zai iya ba. Muna so a ware wani abu daga kuɗin wata-wata don wannan, a ba mutum rance ba ruwa, ya biya a hankali bayan ya dawo. Ma'aji yana nan, a ba shi dama ya faɗa mana abin da asusu zai iya ɗauka.