Tseren Tattabaru: Mu Tsara Gida Kafin Mu Nemi Gwamnati

(Jawabin da aka gabatar a taron shekara-shekara na ƙungiyarmu)



Na san da aka ce zan yi magana a kan tattabaru wasunku sun yi murmushi, domin a ganinsu wannan harka ce ta yara da marasa aikin yi. To, ina roƙon ku ba ni aron kunnuwanku na ɗan lokaci. Dalilin da ya sa na zaɓi wannan batu shi ne, kwanakin baya wasu samari masu kiwon tattabaru sun same ni, suka ce in taimaka musu da rubuta takarda zuwa ga gwamnatin jiha, wai a amince da tseren tattabaru a matsayin wasa, a kuma ware masa kuɗi kamar yadda ake yi wa ƙwallon ƙafa. Na ce musu burinsu mai kyau ne, amma su dakata tukuna. Abin da na faɗa musu shi zan maimaita a nan, domin ina ganin ƙungiyarmu tana da rawar da za ta taka.

Da farko dai, mene ne tseren tattabaru? A ƙasarmu ta Gumel, daga nan cikin gari har Maigatari da Gagarawa da Sule Tankarkar, kiwon tattabaru ba baƙon abu ba ne. Ana rataya musu tukwane a jikin bango, ana yanka 'yan shila a yi wa mara lafiya ko mai jego romo, ana kuma sayar da su a kashe ƙananan buƙatu. Duk wanda ya taɓa kiwonsu ya san halinsu guda: in ka sayar da tsohuwar tattabara ga mutumin ƙauyen kusa, muddin bai fige mata fiffike ba, gobe da safe sai ka same ta a bakin tukunyarta. A kan wannan hali na komawa gida aka gina wasan baki ɗaya.

Mutanen Beljiyam ne suka mai da shi wasa mai doka a ƙarni na 19. Tun tattabara tana 'yar kwana bakwai ake zura mata zobe mai lamba a ƙafa, wanda ba ya cirowa in ta girma. Ranar tsere, sai a zuba tsuntsayen kowa a kwanduna, a kai su wuri mai nisa, a sake su lokaci guda, kowace ta nufi gidan ubangidanta. Ba wadda ta riga isa gida ce ke cinyewa ba, domin gidajen ba nisansu ɗaya ba. Lissafi ake yi. Misali, a ce an sake su a Maigatari. Ta Gumel ta yi kilomita 20 cikin minti 20, wato mita 1,000 ke nan a minti ɗaya. Ta Gagarawa kuwa ta yi kilomita 45 cikin minti 40, wato mita 1,125 a minti ɗaya. To, ta Gagarawa ce ta yi nasara, ko da yake ta Gumel ta daɗe da shan ruwa kafin ita ta sauka. Malamanmu na lissafi da ke zaune a nan sun ga darasinsu ya fito fili.

Harkar kuwa ta yi nisa a duniya. A watan Maris na 2019 an sayar da wani namijin tattabara na Beljiyam mai suna Armando a kan Yuro miliyan 1.25, sannan a Nuwamban 2020 aka sayar da wata macen, New Kim, a kan Yuro miliyan 1.6. Waɗannan alƙaluma su ne suka ɗauki hankalin samarinmu. Amma akwai wani labarin da ya kamata su ji. A Ingila, gidan sarauta kansa ya fara kiwon tattabarun tsere tun 1886, lokacin da Sarkin Beljiyam Leopold na Biyu ya aiko da kyautarsu. Duk da haka, a 2007 masu tattabaru na can sun yi ta ƙorafi, saboda hukuma ta ce abin da suke yi ba ya cikin jerin wasannin da aka amince da su, don haka ba su cancanci rangwamen harajin da ake yi wa ƙungiyoyin wasanni ba. Hujjar masu suka ita ce, tsuntsu ne ke yin gumi, mai shi yana zaune a inuwa. In har waɗanda suka shekara fiye da ɗari suna yi, ga dokoki ga rajista, suka gamu da wannan cikas, yaya ke nan ga wanda zai je ofis da takarda ɗaya tilo, ba ƙungiya, ba tsere ko ɗaya da aka taɓa rubutawa?

Saboda haka na ce wa samarin nan su dubi misalin da ya fi kusa da mu. Maƙwabtanmu na Nijar sun fara gasar kokawa ta ƙasa a Tawa a 1975, inda Kantu na Maraɗi ya zama zakara. Yau gasar takobi ita ce babban bikin wasa a ƙasar, gwamnati ta gina mata filaye a manyan garuruwan jihohi. Amma ba gwamnati ce ta ƙirƙiro kokawa ba. Ta tarar da ita ne a dandali bayan kaka, da 'yan kokawarta, da makaɗanta, da 'yan kallonta. Haka nan a Nijeriya, dambe da kokawa da langa sun samu hukumar wasannin gargajiya ta ƙasa a farkon shekarun 1990, bayan jama'a sun daɗe da riƙe abinsu. Wato gwamnati takan yafa riga ne ga abin da ta gani tsaye da ƙafafunsa.

To, me ya kamata a yi? Shawarata ta kasu kashi uku.

Na farko, masu tattabaru su haɗa kansu. A kowace ƙaramar hukuma cikin huɗun nan a kafa ƙungiya mai shugaba da magatakarda da ma'aji, a rubuta dokoki, a yi wa kowane tsuntsu zobe, a buɗe littafin rajista. A fara da gajeren zango tsakanin garuruwanmu, tunda tattabarunmu na gida ba irin na tseren nesa ba ne, sai a hankali za a zaɓo masu ƙwazo a haɗa su aure. In sun ƙware, sai a miƙa zuwa Haɗeja, daga nan Dutse da Kano. A shekara biyu ana haka, ana rubuta sakamako.

Na biyu, a toshe ƙofofin da za su ɓata wa abin suna. Babbarsu ita ce caca. A wasu ƙasashe caca ta lulluɓe wannan wasa, har ana satar tsuntsaye ana neman kuɗin fansa. Mu a nan, ranar da aka ce an zuba kuɗi a kan tattabara, ranar iyaye da malamai za su juya mana baya, kuma suna da gaskiya. A rubuta haramcinta a shafin farko na dokoki. Ta biyu ita ce wasa da karatu. Yaron da ya bar aji yana bin tattabara a kan katanga, a cire sunansa daga rajista har sai ya gyara. Ta uku ita ce cuta. Ba mu manta da 2006 ba, lokacin da murar tsuntsaye ta ɓulla a Jaji ta Jihar Kaduna, ta kuma bayyana a Magarya, nan tsallaken iyaka. Tsuntsun da za a riƙa yawo da shi gari-gari dole likitan dabbobi ya san da zamansa.

Na uku, in an je wurin hukuma, a roƙi abin da za ta iya bayarwa ba tare da jin kunya ba. Ni kaina, in aka ba ni zaɓi tsakanin rufin ajin da iska ta yaye da kofin tattabaru, rufi zan zaɓa, kuma na tabbata ku ma haka. Don haka kada a fara da maganar miliyoyi. A nemi takardar rajista daga ƙaramar hukuma da hukumar wasanni ta jiha. A nemi ma'aikatan dabbobi su riƙa zuwa allurar rigakafi. A nemi gurbi a bikin nunin amfanin gona. A kuma kai gaisuwa fada a nemi albarkar Mai Martaba, domin abin da sarakuna suka sa wa hannu ba ya rasa mutunci a idon talakawa. Maganar kuɗi za ta zo daga baya, sa'ad da aka ga littafin rajista ya cika.

'Yan'uwa, mu tsofaffin ɗalibai fa? A cikinmu akwai lauyoyin da za su tsara dokoki cikin yini ɗaya, akwai likitocin dabbobi, akwai masu motocin haya da ke bin hanyar Maigatari kowace Alhamis, waɗanda ɗaukar kwando biyu ba zai rage su da komai ba. Ina ba da shawarar a gina ɗan ɗakin tattabaru a gonar makaranta, ƙarƙashin kulawar malamin aikin gona, ƙungiyarmu ta sayi zobba da kofi na farko. Yaron da ya koyi tashi da asuba ya ba tsuntsu ruwa, ya rubuta lokaci daidai ba tare da ha'inci ba, ya kuma haƙura ranar da shaho ya ɗauke masa gwanarsa, to, ya koyi abin da zai amfane shi ko da ya bar kiwo. Yawancin samarin da suka zo wurina ba su da aikin albashi, amma sun zaɓi su shagala da abin da ba ya cutar da kowa. Idan muka yi musu dariya, akwai masu jiran su a bakin tasha da abin da ya fi tattabara muni.

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ina roƙon shugaban taro ya sa wannan batu cikin abubuwan da za a tattauna kafin mu watse, a kuma zaɓi mutum uku da za su zauna da samarin nan.

 Allah ya mai da kowa gidansa lafiya.