Jawabi Kan Karkarwar Farfelar Mota

 

Mu ba kanikawa ba ne, fatake ne. Amma wanda duk yake loda dankalin Turawa daga Bokkos ko tumatir daga Farin Gada zuwa Kudu, sau da yawa yakan gangara Hawan Kibo, don haka lafiyar mota ta shafe shi ko da ba tasa ba ce.

Farfela ita ce dogon bututun ƙarfen nan da ke ƙarƙashin mota, mai kai ƙarfin inji daga giya zuwa ƙafafun baya. A ƙaramar mota irin Peugeot 504, kafin taya ta juya sau ɗaya, ita ta juya wajen sau huɗu. To, in gefe ɗaya ya ɗara ɗaya nauyi, sai ta kama jijjiga. Kuma abin ba a hankali yake ƙaruwa ba: direba ya ninka gudu, ƙarfin jijjigar ya ninku sau huɗu. Shi ya sa masu ƙera ta ke liƙa mata 'yan ƙananan ƙarafa da walda don daidaita nauyi. Wani yaron gareji sai ya ga kamar datti ne, ya ɓamɓare!

Mun ɗanɗana. Wata shekara an canza wa motarmu kuros, aka mayar da farfela ba a yi mata alama ba, bakunan biyu suka saɓa. Muka ji kujera tana rawa, direba ya ce ai taya ce. Kafin Akwanga boris na tsakiya ya ci, tumatir ya kwana biyu a rana. Ba mu fid da ko kuɗin kwanduna ba. Da kuros na gaba ne ya tsinke, farfela ta caki kwalta, da sai dai a ce inna lillahi.

Saboda haka, jama'a, kafin a kwance ta a shata mata layi da fenti, a mayar yadda aka same ta. A kankare busasshen taɓo da ya manne mata, a riƙa ba kuros giris. In ta lanƙwashe, wannan sai a canza.

In ƙaramar karkarwa ce, tsofaffin kanikawa na da dabara. Sukan ɗaga ƙafafun baya a kan matokara masu ƙarfi, ba jak kaɗai ba, a sa giya, a kusanto da alli a hankali. Inda allin ya taɓa, nan ne nauyin yake. Sai a ɗaura kilif biyu irin na tiyo, kawunansu na ɗaya gefen. In ba ta daina ba, a ɗan raba kawunan, wannan dama wancan hagu, a sake gwadawa. Mai babbar riga dai kada ya matso kusa.

Babbar mota kam, irin Marsandi 911, a kai ta wurin masu injin awo, ko da kuɗin ya yi ciwo.

Allah Ya kai mu gida lafiya.